Goron Ɗaurin Auren Ƙarya

A duk faɗin Dutse, daga gindin duwatsu har hanyar Kiyawa, ban san mutumin da ya kai ni sanin wasan kwaikwayo ba. Tun ina saurayi nake kallo, a dandali na kalla, a talabijin na kalla, har ta kai in ɗan wasa ya ɗaga gira na san abin da zai faɗa gobe. Mutanen da aka kashe a gabana sun fi jama'ar kasuwar Shuwarin yawa, amma ko ƙifta ido ban taɓa yi ba, don na san da an ja labule za su tashi su nemi shayi.

Shi ya sa da babbar 'yata ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarsu, na ce gado ne. Matsalar ɗaya ce: Malam, mahaifina. Yana can ƙauyenmu wajen Kiyawa da almajiransa manya da ƙanana, kuma a gidanmu in ya ce a'a, ko akuya ta san an gama magana. Da labari ya je masa, sai ya aiko cewa ba zai hana abin da bai gani ba. Zai zo ya kalla sau ɗaya. In abin bai kwanta masa ba, ta bari har abada.

Yarinya ta daina cin abinci. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Na ce, "Uwata, ki bar ni da Malam. Kusa da shi zan zauna, duk abin da ya ɗaure masa kai in kwance."

Wasan tsoho ne, tun muna sakandare muka karanta shi: wa da ƙane sun ɓata a kan gonar gado, daga baya aka shirya su ta hanyar haɗa 'ya'yansu aure. Amma yaran nan sun yi masa sabon ɗinki. Babu dandamali, babu labule, babu lasifika. Wani tsohon gida suka ara, aka shimfiɗa tabarmi aka zagaye tsakar gidan bayan la'asar, 'yan wasa a tsakiya da kayan zamani da wayoyinsu a hannu. Kusancin ya kai in ɗan wasa ya juya, gefen rigarsa na shafar gwiwata.

Ɗan wasan farko ya shigo da sallama, gidan kaf ya amsa. Na sunkuya na ce, "Baba, ba a amsawa, cikin wasa ne."

Ya ce, "Sallama dai ya yi ko?" Ya amsa tasa har da wa barakatuhu.

Daga nan jama'a suka shiga wasan da ƙafa biyu. Wata tsohuwa ta ga matar wan tana ta surutu ta bar tukunya, ta ce, "'Yar nan, miyarki za ta kama!" alhali ko wuta babu a murhun. Da ƙanen ya rantse cewa iyakar gona daga tsamiya take, wani manomi da ya zo daga Miga ya buga cinya ya ce, "Ƙarya yake, dubi idonsa! A nemo dattawan da suka san iyaka mana!" Ni kuwa ina ta girgiza kai ina murmushin manya. Na ce wa Malam, "Ka gani, Baba, rashin sabo ne." Ya ci gaba da kallonsa. 'Yata ta fito a matsayin ɗiyar wan, ta yi magana tsaf a cikin mayafinta, na saci kallon fuskarsa ban karanta komai ba.

Sai aka zo ɗaurin aure. Dabarar da yaran suka yi ita ce, mu 'yan kallo mu ne 'yan ɗaurin auren. Aka zagayo da faranti cike da goro da dabino. Na zaɓi wani farin goro mai girman ƙwan zabuwa na ɓantara. Wani yaro da ya manna gemun auduga ya zauna a matsayin waliyyin amarya, ita kuma, wato 'yata, tana gefe a lulluɓe cikin ƙawaye. Aka nema, ya ce ya bayar, aka ce an karɓa. Maroƙin wasa ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, kun shaida?"

Muka ce, "Mun shaida!" Muryata ce ta fi ta kowa, har kurciyoyin kan katanga suka tashi. Aka shafa fatiha.

A hagu da ni taubashina ne, ɗan ƙanwar Malam, mai sayar da tumatir a Ringim, mutumin da tun muna yara bai taɓa ganina a tsaye ya bar ni ban faɗi ba. Ya matso da bakinsa kunnena ya ce, "Barka da arziki, ka yi suruki."

Na ce, "Kai dai baƙauye ne."

Ya ce, "To, ɗan birni. Uban yarinya yana zaune. Shaidu sun cika gida. An nema an bayar, ka ce ka shaida, goro na bakinka. Kai ɗan malamai ne, ni zan gaya maka aure ko da wasa aka ɗaura ya ɗauru?"

Na daina tauna goron. Wannan magana ai tun ina yaro nake jin ta a zaure. Na dubi angon. Wani siririn yaro ne kamar karan dawa, askinsa kamar an fara girbi an fasa, wandonsa ya yi rantsuwa ba zai taɓa idon sawu ba. Na hango shi a falona ranar sallah yana ce mini Abba. Na hango jikokina da irin askin nan, su goma sha biyu, a jere.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ban bayar ba! Wallahi ban bayar ba! Wa ya tambaye ni?" Na tsallaka tsakiyar fili da guntun gorona a hannu ina neman farantin in mayar.

Rabin jama'a suka ɗauka cikin wasan ne, suka hau tafi. Manomin Miga ya ce, "Yauwa, ga wani kawun ya fito! Dama na san ba a gama ba!" Tsohuwar nan ta ce, "Kai bawan Allah, ka ci goron mutane sannan ka ce me?" Mai gemun auduga ya so ya rufa asiri, ya ce, "Alhaji, zauna a yi magana ta fahimta," sai gemun ya saki ta gefe ɗaya yana lilo. Ango ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni wallahi akwai wadda nake nema a unguwarmu." Taubashina kuwa ya kife a tabarma yana dukan ƙasa, hularsa ta gangara har bakin murhu.

Daga cikin lulluɓi na ji wata ƙaramar murya ta ce, "Abba, don Allah."

Nan na dawo hayyacina. Ni da na zo tsaron Malam, ga shi na kawo masa hujja a faranti. In ya ce abin nan yana haddasa fitina, wa zai musa, ga fitinar a tsaye da babbar riga?

Na ji an ja gefen rigata. Malam ne, ko tashi bai yi ba.

Ya ce, "Kai ka wakilta wancan mai gemun da ke faɗuwa?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Sunan da aka kira, nata ne?"

"A'a, Baba."

"To, zauna." Sai ya juya ga jama'a da irin wasan da kaka ke yi da jikarsa, ya ce, "Ni da nake mijinta na asali ina zaune ban yi kishi ba, sai wannan? Ku ci gaba, yara. Ina so in ga yadda za a ƙare da gonar nan."

Gida ya ɗauki dariya. Aka manna gemu, aka ɗora daga inda na yanke. Na koma na zauna, na ƙanƙance har na zama kamar ƙullin kayan wanki. Da 'yata ta cire lulluɓi ta yi wa iyayen nan biyu magana a kan kabarin kakanta na cikin wasa da ke gefen gonar da suke faɗa a kai, muryarta ba ta girgiza ba ko kaɗan, duk da abin da ubanta ya yi mata. Tsohuwar nan ta yi ta share hawaye da bakin zane. Malam ma na ga ya daɗe yana gyara rawaninsa ta wajen ido.

Da aka tashi, muna ƙofar gida muna jiran ɗan adaidaita sahu, ta zo ta durƙusa a gabansa ba ta ko iya ɗaga kai. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce mata, "Tashi, amarya. Ki ci gaba da abinki, Allah ya yi albarka. Ban ga abin ƙi ba, kuma kin san inda wasa ya tsaya."

Sannan ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Kai kuwa gobe bayan asuba ka zo zaure, za mu koma babin aure daga farko. Ka zo da wuri, kada yara su riga ka sahun gaba."