Abin da tef ɗina ya gani a jikin Nana

Yau da safe labarin ya same ni. Nana ta rasu.

Ina kan keken ɗinki ina kalmasa wani siket wayata ta yi ƙara. 'Yarta ce, Tina. Ta ce, "Anti Rabi, Mama ta tafi da asuba." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce mata zan zo, na ajiye wayar, sai kawai na ga na ci gaba da ɗinki har na ƙarasa siket ɗin. Ban san me ya sa ba.

Masu kawo mini ɗinki gidana a unguwar Glenwood, nan Amurka, kun san ta, ko da ba ku san sunanta ba. 'Yar guntuwar matar nan 'yar Filifin, mai yawo da fulas ɗin ruwan ɗumi, mai naɗe wuya da gyale ko ana tsakiyar zafi. Sunanta Nenita. Bakina ya kasa, na mayar da shi Nana, ita kuma ta amsa.

Da yawanku kun ɗauka nas ce, tunda 'yan ƙasarsu a nan aikin asibiti suka fi yi. Hajiya Balki ma ta taɓa miƙa mata hannu wai ta duba mata hawan jini. Ta kuwa kama hannun tana kallon agogo, ta ce, "Hajiya, a rage gishiri." Ko kusa ba ta san komai a kan hawan jini ba. Sai da Hajiya ta fita muka yi dariya har da hawaye.

Mawaƙiya ce, kuma 'yar wasan dandali, irin wasan da ake yi da waƙa da rawa daga farko har ƙarshe.

Tarihinta a tsaye na ji shi, gutsi-gutsi, tana ɗage hannu ina awo. Tana 'yar shekara sha shida ta ci gasar waƙa a wani gidan rediyo a Manila. Ta fitar da kaset-kaset. Ta ce an yi lokacin da ba motar hayar da za ka shiga ba ka ji muryarta ba. Gaskiya ban yarda ba, don a ƙasar nan kowa ɗan sarki ne a garinsu. Sai ranar da muka je sayen shinkafa a shagon mutanensu, tsohuwar da ke kan kanta ta ɗago ta gan ta, ta dafe ƙirji, ta kama rera wata waƙa tana kuka. Nana ta taya ta baiti ɗaya, ta ɗauki ledarta muka fito. A mota ta ce mini, "Yanzu kin yarda?"

Da yayinta ya wuce, sababbin 'yan mata suka taso, sai ta koma dandali. Wata tawagar wasa ce ta kawo ta Amurka. Aikinta shi ne ta haddace duk abin da babbar jarumar za ta faɗa da duk abin da za ta rera, ta yi kwalliya, ta zauna a bayan labule, ko da waccan za ta kasa fitowa. Shekara huɗu tana wannan zama. Ta ce matar lafiya gare ta kamar doki, ko mura ba ta yi.

Aure ya kawo ta Greensboro. Auren ya mutu, ita ta zauna da 'yarta. Tana koya wa yara waƙa a falonta, tana kuma fitowa a wani ƙaramin gidan wasa kusa da Elm Street. Abin da suke ba ta kullum: 'yar aiki, mai sayar da kifi, ungozoma. Ta shigo, ta rera layi uku, ta fita.

Ɗinki ne ya haɗa mu, kuma da kuskurena aka fara.

Ta kawo yadi ta ce tana son doguwar riga ta fita wasa. Ni kuwa na zage na yi mata irin wadda muke yi wa amare a Kano, ta kama jiki tsam, ko allura ba za ta shiga ba. Ta sa, ta yi kyau ƙwarai. Ina tsaye ina jiran yabo. Sai ta ja numfashi za ta gwada murya, zif ya ce ɓarat, tun daga wuya har ƙugu.

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa har da zama a ƙasa don dariya. Ta ce, "Rabi, amarya zama take yi. Ni aiki zan yi a cikin rigar nan."

Ranar ta koya mini yadda ake auna mawaƙi. Sau biyu ake yi. A zagaya tef a haƙarƙari ta saki numfashi gaba ɗaya, a rubuta. Sannan ta cika ƙirji iya ƙarfinta, a sake rubutawa. A kan na biyun ake yanka. Tsakanin awon biyu, Nana kusan inci huɗu take buɗewa. Shekara ashirin ina riƙe da almakashi ban taɓa ganin haka ba, mace 'yar mitsitsiya kamar a hure ta.

Daga nan ba wanda ya ƙara yi mata ɗinki sai ni. Shekara shida.

Lokacin da aka kwantar da maigidana, Baban Fadila, a asibiti, ita ce ta riƙa kawo mana abinci. Sabuwar tukunya ta saya, ta kawo mini ita da takardar shago a manne don in gani da idona cewa naman alade bai taɓa shiga ciki ba. Ban tambaye ta ba.

Da azumi ba ta shan ruwa a gabana. Matar da ba ta minti goma ba ta kurɓi ruwan ɗumi ba, sai ta ce ta manta wani abu a mota.

In na tayar da salla, ko tana tsakiyar rera waƙa take yin shiru.

Tana da nata halin, ba zan ɓoye ba. Ba ta zuwa a kan lokaci, ta fi mu iya wannan. Kuma in ta ƙi abu, to ta ƙi, ko wa za a kira.

Bara ne, bayan sanyi ya wuce, ta shigo mini ba sallama ba komai, tana tsalle kamar yarinya. An ba ta matsayin babbar jaruma. Tana neman shekara hamsin, karo na farko a ƙasar nan, wasan nata ne daga buɗe labule har rufewa. Riguna biyar za a yi. Na yi mata guɗa, na ɗauko tef.

Ta saki numfashi, na rubuta. Na lura ta faɗa, amma na ce ko zirga-zirga ce.

Ta cika ƙirji. Inci ɗaya da rabi.

Na ce ta sake. Ta sake. Na ce tef ɗin nan ya tsufa, bari in ɗauko wani. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ba tef ba ne, Rabi."

An ga wani abu a huhunta. Likitoci sun ce a fara magani nan take. Maganin kuwa zai kwantar da ita, zai kuma tafi da muryar. Ta ce musu su ba ta wata biyu ta gama wasan. Shugaban wasan bai sani ba, in ya sani zai ba wata. Tina ma ba ta sani ba, in ta sani da kanta za ta ɗauke ta ta kai asibiti.

Ta ce, "Kowa zan iya yi wa wasa, ban da ke. Ke lamba kike gani."

Ga inda nawa ya shigo. A ƙa'ida ina rubuta awon nan biyu a kati in aika wa matar da ke kula da kayan sawa a gidan wasan, kuma tana da tsofaffin katunan Nana a ajiye. Kallo ɗaya za ta yi ta gane. Nana ta ce in rubuta tsohon awo. Na ce ba zan rubuta ƙarya ba. Ta ce to kada in rubuta komai.

Wadda ta koya mini ɗinki a Kano, Allah ya jiƙanta, abin da ta fara koya mana kafin zare da allura shi ne riƙe baki. Tela kan san mace na da ciki kafin uwar mijinta ta sani. Takan san wadda ke cikin daɗi da wadda ke ramewa a gidan miji. Takan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A kan wannan na tashi, kuma ban taɓa saɓawa ba.

Ban aika katin ba. Na ce musu duk gyaran da za a yi a kawo mini gida. Na yi wa rigunan shafi mai kauri, na cika kafaɗa da soso, na ɗaga wuya ya rufe ƙashin da ya fito. A sati shida sau uku ina rage su. Aikin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Ba wanda ya ga komai.

Tina ce ta zo karɓar riga ta ƙarshe. Lokacin tana karatun nas. Ta ɗaga rigar ta juya ta, ta ce, "Anti, Mama ta rame, ko idona ne?"

Na ce, "Yankan ne haka."

Abin da na faɗa ke nan. Ni da na ce ba zan rubuta ƙarya ba.

Na je wasan ranar wata Lahadi da rana, karo na farko da na taɓa shiga irin wurin. Na zauna can baya da hijabina. Mutane na kallon fuskarta, ni haƙarƙarinta nake kallo. Na ga inda take satar numfashi a tsakiyar layi, ta fake da murmushi ko juya kai. A waƙar ƙarshe ta riƙe murya har sai da na ji nawa ƙirjin na ciwo. Duk ɗakin ya miƙe tsaye. Ta yi wasa goma sha biyu, ba ta fasa ko ɗaya ba, wata yarinya na zaune a bayan labule tana jira.

Kwana uku da rufe wasan ta kwanta asibiti. Ta gaya wa kowa cewa yanzu aka gano.

Ganina da ita na ƙarshe sati uku ke nan, a gida. Na kai mata farfesun kaza, ta sha cokali biyu don kada in ji haushi. Muryar ta tafi, sai raɗa. Da Tina ta fita ɗauko magani, ta tambaye ni ko na yi nadama. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ni ban yi ba. Na gaji da jira, Rabi." Na ce to ki gaya wa yarinyar nan gaskiya. Ta girgiza kai. Ta ce, "Ki bar shi a tef."

Tun daga lokacin nake ta lissafi. Jikinta ne, ranta ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata biyun nan da sun canja wani abu? Likitoci ma ba su ce eh ba, ba su ce a'a ba. Kwana in ya ƙare ya ƙare. Da wannan nake lallashin kaina, kuma da na ci gaba da yin shiru har kabarina.

Amma Tina ta sake kira ɗazu, wajen sha ɗaya. Ba maganar jana'iza ba ce. Cewa ta yi, "Anti, gida ɗaya muke kwana. Karatun nan nake yi. Na ga tana ramewa na yi shiru. Ni na kashe ta."

Yarinya 'yar shekara ashirin da biyu. Ba ta yi shiru ba. Ta tambaya, ni aka tambaya.

Tana cikin abokaina a shafin nan, amma ba ta jin Hausa, shi ya sa na iya rubuta wannan. Don Allah kada wanda ya yi mata tafinta. Na rubuta ne don in toshe wa kaina hanyar fasawa, tunda yanzu kun sani. In na yi la'asar zan tafi gidan. Zan gaya mata uwarta ta sani tun kafin a buɗe labule, ita ta zaɓa, kuma ni na ɗinka abin da ya rufe wa kowa ido. Nana ba ta ba ni izini ba. Amanarta zan ci, na sani, kuma ina jin ciwon haka. Mai yiwuwa daga yau Tina ba za ta ƙara ce mini Anti ba.

Na san akwai masu shirin tambayata addinin marigayiya a ƙasan rubutun nan. Ku huta. Ta koma ga wanda ya halicce ta, Shi ya fi mu saninta.

Allah ya ba Tina haƙuri, ya sauke mata kayan da ba ita ta ɗaura ba. Allah ya yafe mini abin da na faɗa mata a ɗakin ɗinkina. Duk wanda ya karanta, ya sa yarinyar nan a addu'a. Ni kuma ku roƙa mini Allah kada bakina ya mutu in ta buɗe ƙofa.