Ina Illa zai haƙa gurbin dara yau?

Shekara tara ke nan da muka kai Illa tela makwancinsa, kuma har yau ban iya Lahadi ba. Sauran ranaku ina cikin taksi, ba ni da lokacin tunani. Lahadi ce ke kashe ni.

Ni ba malami ba ne, abin da na gani zan faɗa. Mun zo Yamai cin rani, shi daga wajen Madawa, ni daga Dogon Dutsi, rani ya ƙi ƙarewa. Ɗaki guda muka kama a Kalley, cunkushe da maza, wanda ya juya sai ya taka wani. Irin wannan ɗaki na kwana ne, ba na zama ba. Shi ya sa Illa ya samo mana gindin wani dogon yaro bayan babbar kasuwa. Ya share ƙasa, ya haƙa gurabun dara da cokalin shayi. Ba a sa kuɗi. Wanda aka ci shi zai hura gawayin shayi.

Teloli, direbobi, 'yan tebur, kowa ya san wurin, nan ce fadarmu duk Lahadi. Baƙo in ya zo, Illa ba ya ba shi kara ko tsakuwa sai ya faɗi garinsu da sunan ubansa da ƙofar da yake kwana. Wanda aka rasa a fada, kafin magariba an tura mutum ya dubo shi. Muna yi masa tsiya, muna ce masa jandarma. Sai ya ce, “Ku yi dariya. Baƙo raɓa ne, in ba a duba shi da safe ba, ba a ganin sa.”

Yau da zai tashi, ina zan kai shi? An sare itacen, an shimfiɗa pabe na siminti, motoci ke hutawa inda muke hutawa. Dara ƙasa take so, cokali ba ya haƙa siminti. Wani kafinta ya yi mana ta katako, muka yi ta yawo da ita kamar masu talla. Gaban butik, a ce mun tare ciniki. Lambun shaƙatawa, sai ka biya a ƙofa. Mun je har bakin kogi a Tondibia, muka tarar da katanga, mai gadi ya ce mana kala suru, wato sai haƙuri da Zabarmanci, wurin yana da mai shi. Gari ya yarda mu ɗinka masa riga, mu kai 'ya'yansa lakwal su yi karatu, amma zamanmu ne bai da wuri.

Samarin da ke zuwa yanzu ban ga laifinsu ba. Kowa na kan babur ɗinsa da salula. Bara wani direba ya mutu a ɗaki a layinmu, sai wari ne ya faɗa wa maƙwabta. Aka yi ta tambayar garinsu, ba mai amsa. Tun ranar nake tambayar kaina wa zai buɗe tawa ƙofar.

Illa bai bar gida ba, kekensa na ɗinki ma an sayar. Abin da ya bari shi ne mutane kaɗan da ba su iya rasa juna su yi shiru. Lahadin da ta wuce baya ya riƙe ni, ban fita ba. Bayan la'asar aka buga ƙofa. Hamidu ne, tsohon ɗan fadarmu mai sayar da goro, ya tako gada da ƙafa tun daga Harobanda, ƙetaren kogi, yana haki.

“Tsohon banza, ashe kana da rai? Ka cinye mini takalmi a banza.”

“Shigo ka zauna.”

Ya leƙa, ya ga 'yan ɗakinmu masu aikin dare kwance har bakin ƙofa. Na jawo takalmina, muka fita neman inuwa. Har aka kira magariba muna tafiya.