Gambar da Ta Ba da Shaida a Gonar Mahaifina

Shekarun baya, lokacin da mulki yake hannun soja, wani babban hafsa ya ga filin da ke gabas da ƙauyenmu, can wajen Makoda, ya ji ya kwanta masa. Gonakin gidaje da yawa ne a haɗe, har da ta mahaifina. Wata safiya sai ga motar noma da masu awo da sojoji, suka ce gwamnati ta karɓi wurin, za a yi babbar gona. Mutanenmu suka ƙi. Mahaifina maharbi ne, yana da bindigar toka. Shi da sauran maharba da masu gatari da lauje suka tare bakin kwazazzabon da motar za ta bi, suka yi kwana uku a wurin, mata suna kai musu fura. A rana ta uku mahaifina ya harbi tayar motar. Washegari aka turo sojoji mota biyu, aka kwashe mutum bakwai, aka kewaye filin da waya, aka bi da motar noma aka shafe duk iyakokin gonakin. Shekara biyu mahaifina ya yi a tsare, ya dawo yana ɗingishi.

Ni kuwa a shekarun nan ba abin da na ƙware a kai sai karatun littattafan soyayya. Ranar kasuwa nake ɗauko su haya, in zauna bayan rumbu ina sharar hawaye saboda mutanen da ba a taɓa haifa ba. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Wai ke wa ya rasu?" In ce, "Inna, raba su aka yi." Ta ce, "To Allah ya haɗa su. Zo ki tankaɗe min garin nan."

Da farar hula suka karɓi mulki, aka yi shela a rediyo cewa an kafa kwamitin da zai saurari waɗanda aka zalunta. Dattawa suka ce a rubuta takardar koke, ko Allah zai sa gonakin su dawo. Ni ce na gama sakandare, kuma kowa ya san kullum da littafi a hannuna, sai aikin ya faɗo kaina. Na ji kamar an naɗa ni sarauta. Shafi goma sha biyu na cika, sannan na zaunar da mahaifina gindin darbejiya na fara karanta masa.

"Ya tsaya tamkar zaki, idanunsa sun kaɗa sun yi jawur, ya dubi azzalumai ya ce da murya mai girgiza zukata, sai dai ku bi ta kan gawata."

Ya ce, "Wannan wane ne?"

"Kai ne, Baba."

"Ni cewa na yi su matsa, suna taka min wake."

"Baba, ai ba a sa wake a takardar gwamnati."

Ya bar ni na kai ƙarshe, har inda na ce sararin sama ma ya yi kuka. Sai ya ce, "To ina bindigar? Ban ji ta ba."

Da gangan na cire ta. Na gaya masa tsorona: in aka ji harbi za a ce 'yan tawaye ne, a hana mu gonar, wataƙila ma a sake kama shi. Ya murza carbinsa ya ce, "Duk garin nan sun ji ƙararta. In na ɓoye wannan, da wane baki zan ce a yarda da sauran? Sa ta. Ki cire zakin."

Takardar ta koma shafi ɗaya da rabi. Na ji zafin cire zakin nan har cikin raina.

Ranar zaman muka cika ƙaramar bas zuwa sakatariya. Magatakardan kwamitin wani saurayi ne fari mai gilashi, kuma kafin layi ya kawo kaina na riga na raɗa wa 'ya'yanmu uku suna a raina. Da na miƙa takardar sai ya ce, "Ƙanwata, yi sauri don Allah, maiɗakina na can asibiti tana naƙuda." Nan labarinmu ya ƙare, bai ma san an fara ba.

Shugaban kwamitin tsohon alƙali ne mai magana a hankali. Ya karanta takardar, ya ɗago ya ce, "Malam, kai da bakinka ka ce ka yi harbi."

"Na yi, ranka ya daɗe. Taya na auna, kuma taya na samu."

Zauren ya ɗauki dariya, alƙalin ya sa hannu ya rufe baki. Amma sai lauyan hafsan ya tashi ya ce filin nan daji ne, ba shi da mai shi, in akwai mai takardar mallaka ya fito da ita. Babu wanda yake da ita. Kakannin kakanninmu ma ba su taɓa riƙe takarda ba.

Daga can baya, cikin mata, sai muryar mahaifiyata, matar da ko a gidan biki ba a jin ta. "A gaya wa alƙali ya bari ruwa ya sauka sau uku, sannan ya zo ya duba."

Aka matso da ita gaba. Ta ja mayafi ta yi bayani, idonta a ƙasa. Mu da gamba muke yin iyaka, ciyawar nan da ake saƙa zana da ita. Motar noma saman gambar kawai ta yanke, saiwar tana nan. Gonar hafsan ko shekara uku ba ta yi ba ta mutu. Da rani shanu da gobara suna share wurin ya zama fili fetal, amma duk damina in Inna za ta rijiya takan leƙa ta cikin wayar shingen, ta ga gambar ta fito a kan layinta.

Da ruwa ya sauka sau uku, alƙalin ya zo, Allah ya saka masa. Ya naɗe ƙafar wando ya shiga taɓo. Ban taɓa karanta wani abu da ya kai wannan safiyar kyau ba: ƙasa ja jiƙaƙƙiya, ga layukan kore sun miƙe sun gitta juna, kowace gona ta fito da kusurwoyinta. Aka ce kowa ya je ya tsaya a tasa. Tsofaffi suka ruga kamar yara, wani har hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Alƙalin ya riƙa bi yana tambayar kowa wa ke gabas da shi, wa ke yamma. Ba wanda ya yi kuskure.

Gona ɗaya ce ta rage ba kowa a ciki, daf da tamu. Lauyan ya nuna ta ya ce, "Wannan dai ba ta da mai ita."

Mahaifina ya ce, "Tana da shi. Tare aka ɗaure mu, ni na rufe masa ido. Matarsa da 'ya'yansa mata suna Zakirai wurin danginta."

Alƙalin ya tambayi sunan matar, ya rubuta da hannunsa.

Kafin damina ta zagayo aka cire wayar. Mahaifina ya ce ba wanda zai sa fartanya a gonarsa sai an gama ta marigayi. Aka yi gayya, aka ɗauko mai gangar noma, aka je Zakirai aka taho da matar. Ta zauna bakin gona tana kuka tana dariya, tana zuba wa mutane kunu. Ta ce wa mahaifina, "Malam, huɗarka ta karkace." Ya ce, "Ƙafar ta bi, Hajiya, gero ba zai lura ba." Ni ma ranar na yi guɗa har muryata ta dushe.

Har yau in na tuna, daɗin ne yake fara zuwa. Amma ba zan ce muku komai ya daidaita ba. Ba wanda aka hukunta kan dukan da aka yi musu, ba wanda ya zo ya ba matar nan haƙuri. Da kakar shekarar, muna zaune ana ɗaure dammunan gero, na tambayi mahaifina ko abin da aka yi ya ishe shi. Ya dafa ƙugu ya miƙe a hankali ya ce, "Bai isa ba. Amma bana bayana ciwon noma yake yi, ba ciwon sanda ba. Wannan kuwa na san maganinsa."