Warin Ɗakin Ƙasa a Lewisham

Shekararmu ta biyu ce a Landan, lokacin da kuɗin man fetur ya sa gwamnati take ta tura mutane karatu waje. Maigidana yana karatun injiniya, ni kuwa ina gida da ciki wata bakwai. Muna haya a Lewisham, a gidan wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu. Ita tana sama, mu muna ƙasa, a ƙarƙashinmu kuma akwai wani ɗaki da aka haƙa cikin ƙasa, ana sauka masa ta matakala daga kicin. A nan muke jibge kwalayen 'yan uwa da suka zo sayayya, su rediyo da keken ɗinki da atamfofi, suna jiran jirgin ruwa.

Bazarar nan an yi zafin da Turawa suka yi ta kuka da shi, ruwan sama ya ɗauke makonni. Wata safiya na buɗe ƙofar matakalar, sai wani wari ya buge ni kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na rufe da sauri, na zauna ina jiran maigida.

Da ya dawo ya sauka, ya shanshana ko'ina, ya hawo yana kallona.

"Ni ban ji komai ba. Anya ba cikin nan ba ne?"

Na sauka da kaina. Gaskiyarsa, babu wari. Washegari da hantsi warin ya dawo, da yamma ya tafi. Haka muka yi kwana huɗu, har na fara shakkar hancina.

Rana ta biyar tsohuwar ta ƙwanƙwasa ƙofa. Turancina a lokacin na aji ne, bai saba da na bakin mutane ba. Cikin murmushi ta ce girkinmu yana da ban sha'awa ƙwarai, har ɗakinta tana jin sa. Na yi godiya, na zuba mata tuwo da miyar kuka na kai mata sama. Da na ba maigida labari, sai ya dafe kai.

"Ƙorafi ta kawo miki. Haka suke yin sa."

"To me ya sa take murmushi?"

Abin da ya ɗan kwantar min da hankali shi ne, ashe ba ni kaɗai nake jin warin ba. Amma sai zargi ya dawo kan kicin ɗina. Akwai daddawar da Inna ta daka min da hannunta, na naɗe a leda uku cikin gwangwani. Na san ƙamshinta tun ina yarinya, na san ba ita ba ce. Duk da haka na kai ta kwandon shara, na tsaya a kansa ina hawaye.

Wari bai fasa ba. Maigida ya ce mushen ɓera ne. Ranar Asabar ya fitar da kwalayen nan kaf zuwa bayan gida, bai sami ko jela ba. Muka kira ma'aikacin gas, ya zo da na'urarsa, ya ce ba daga wajensu ba ne. Na kunna turaren wuta, sai warin ya haɗu da ƙamshi ya zama wani abu na uku da ya fi muni.

A ƙarshe tsohuwar ta kira mai gyaran famfo, wani gajeren dattijo mara yawan magana. Muka bi shi ƙasa ni da ita. Bai taɓa famfo ko ɗaya ba. Ya janye wata tsohuwar ledar ƙasa a lungu, sai ga ɗan rami da murfin ƙarfe mai huji-huji. Ya ce in kawo ruwa bokiti guda. Ya tuttula a ramin, ya goge hannu, ya ce an gama.

Na tsaya ina jiran aikin. Da ya ga haka, ya zana min lanƙwasasshen bututu da yatsa a jikin bango. Wai ruwa ne yake zama a lanƙwasar, ya tare iskar da ke tasowa daga magudanar ƙazanta. Zafi ya busar da shi. A gida mun san murfin masai na katako ne ko na kwano. Ban taɓa jin an yi murfi da ruwa ba.

Sai tsohuwar ta ce da can a nan take wanki duk Litinin, ruwan yana bi ta ramin. Ta daina ne da ta ga kayanmu sun cika wurin, ba ta so ta dame mu. Ta ce "sorry", ni ma na ce "sorry". Ta ɗauki bokitin da kanta ta ƙara wani, ta roƙe ni in riƙa zubawa duk mako tunda gwiwoyinta ba sa son matakala.

Da yamma na maimaita wa maigida kalamanta ɗaya bayan ɗaya, na tambaye shi ko haƙuri ta ba ni, ko kuwa laifin ta ɗora mana. Ya daɗe yana tunani, ya ce in sake faɗa masa tun daga farko.