Jinin Ɗanbaba Dillalin Awaki

Ɗanbaba ba shi ne sunansa na gaskiya ba, don haka kada kowa ya ƙona mai yana nemansa. Mijin yayata Maimuna ne (ita ma sunan aro na ba ta), dillalin awaki mai bin kasuwanni daga Cadawa har Gangara. Shekara talatin yana buɗe bakin akuya yana duba haƙora, har ya yarda cewa komai na duniya iri ne. Jar akuya ta fi baƙa saboda iri. Liman yana da murya saboda iri. Ni kuma ban yi arziki ba saboda iri, haka ya gaya mini ranar sunan ɗana.

Amma a ba shi haƙƙinsa. Mijin Maimuna na fari ya dawo daga ci-rani a kwance, ya rasu, ya bar mata sida, wato ƙanjamau, a jini. Ɗanbaba ya sani sarai, ya aure ta a haka, shekara goma sha ɗaya ke nan. Bayan wata uku-uku yana kai ta asibiti a babur ta karɓo ƙwayoyinta, maƙwabta na zaton sarin gyaɗa suke zuwa. Mu uku muka sani, sai likita. Maimuna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take sayarwa, kuma ta san halin mutanenmu. Ranar da maganar ta fita, ko kyauta ba mai karɓar ƙulinta.

Shi kuwa duk shekara a auna shi, a ce ba shi da komai.

Bara da damina ya ji wani shiri a rediyo. Aka ce cutar tana shiga ƙwayoyin jini ta wata kafa, kuma akwai mutane 'yan kaɗan da aka haifa ba su da kafar. An taɓa dasa wa wasu majinyata ɓargon irin waɗannan mutane, cutar ta bar su. Yanzu masana na neman hanyar gyara halittar jinin mutum yadda kafar za ta toshe. Ɗanbaba ya kashe rediyo, ya aika a kira ni.

Na same shi a kan tabarma ya miƙe hannu yana kallon jijiyarsa.

"Sarkin tsiya, zauna. Abin da Turawa ke nema da injuna, ga shi nan kyauta. Kakana kunama ta harbe shi, ita ta mutu."

"To sai a yanka ka a raba," na ce.

"Ranar kasuwa zan faɗa a rumfar dillalai. A san wa ake zama da shi."

Maimuna tana matsar tunkuza a gefe. Ta tsaya.

"Malam, in ka faɗa, za su ce ya aka yi ka sani. Mi za ka ce musu?"

Wannan bai zo masa a rai ba. Amma mai baki da labari ya cika masa ciki, shiru na kwana nawa ne? Kwana biyu yana kewaya mutane yana cewa akwai maganar da in ya faɗa sai an zo ji daga Yamai, babban birni. Maimuna ta daina cin abinci sosai. Daga ƙarshe ta ce masa babban mutum ba ya shelar kansa da baki, ya je likita ya ba shi takarda mai hatimi tukuna. Hatimin ne ya kama shi.

Ya sa babbar riga ta sallah, na bi su don kada abin kallo ya wuce ni. Likitan ya saurare shi har ƙarshe, da haƙurin da ni ba ni da shi. Sannan ya ce wannan halitta galibi can arewacin ƙasar Turawa ake samunta, kuma dashen ɓargon masu sankarar jini aka yi wa, aiki ne mai haɗarin rai. Gyaran halittar kuwa har yanzu gwaji ake.

"To ni mi ya tsare ni shekara sha ɗaya?"

Likita ya jawo katin Maimuna ya juya masa. Ba ta taɓa tsallake ranar karɓar magani ba, ko ɗaya. Ya ce wanda ke shan ƙwayar nan kullum har cutar ta daina nunawa a awo ba ya sa wa abokin aurensa.

"Na gaya maka wannan tun shekarun baya, Malam. Kana waya a kan wani bunsuru."

A hanyar dawowa ko hon bai yi wa kowa ba.

Ranar kasuwa dillalai suka tare shi, ina babbar maganar? Ina tsaye kusa. Ya gyara hula, ya ce maganar ita ce duk faɗin ƙasar nan ba wanda ya kai shi iya zaɓen mace, kuma wannan ido ne da ake gado. Suka ce wannan ce za a zo ji daga Yamai? Suka watse suna yi masa tsiya.

Maimuna har gobe tana tuya, layin masu saye bai ragu ba. Kullum bayan sallar asuba shi ke miƙa mata ƙwayar da kofin ruwa, yana tuna mata sa'ar da ta yi da ta samu miji mai lura.