Rariyata da Galmar Baba

Mijina mutum ne da bai iya zama ba. A Haɗeja ana ce masa Gwadabe mai rediyo, ni kuwa Malam nake ce masa, in raina ya ɓaci in ƙi kiransa da komai. Shekara talatin da ɗaya muka yi tare, ban taɓa ganin ya gama cin tuwo a zaune wuri ɗaya ba. Kamar wanda ya ci ƙafar kare.

Ya yi sana'ar su, tun yana saurayi. Ya bari ya kama facin keke. Da aka fara yaƙin basasa ya shiga soja, aka sa shi wajen masu waya, a can ya koyi gyaran rediyo. A can kuma ya ga wata na'ura da ake shara da ita a kan hanya, in ta zo kan nakiya sai ta yi kuka. Ya dawo gida da wannan kuka a kansa.

Muna da gonar shinkafa a fadama, hanyar Baturiya, gadon mahaifinsa. Tana maƙwabtaka da ta Malam Umara, abokinsa tun na wasan ƙasa. A fadama iyaka ba ta zama, domin kowace shekara ruwa ya zo ya shafe kunya ya bar laka. Saboda haka iyayensu suka binne tsohuwar galma a kusurwa, gindin wata goruba, a gaban shaidu. Ambaliya ta kayar da gorubar, shaidun suka bi iyayen, aka rasa wanda ya san wurin. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama rigima ta tashi a kan wani yanki mai faɗin taki bakwai, inda ruwa ya fi daɗewa, shinkafa ta fi yi. Mu muke noma shi. Umara ya ce na ubansa ne. Suka daina gaisawa, har a masallaci.

Sai Malam ya ce zai ƙera abin da zai nemo galmar.

Gidana ya koma maƙera. Ya farke rediyo biyu, ɗaya ma ta ɗakina ce. Ya warware wayar jan ƙarfe daga wani tsohon inji, yana neman abin da zai naɗe ta a kai, idonsa ya faɗa kan rariyata ta katako.

"Yagana, ara mini wannan."

"In tankaɗe gari da me, Malam? Da hularka?"

Ya riga ya yage ragar. Ya ɗaure ta a bakin gorar tuƙa kwalekwale, ya liƙa wayoyi da dalma, ya rataya batir a jakar fata. Wata huɗu abin yana ƙugi kawai. Ya tashi ya zauna, ya kwance ya sake naɗawa, ya ƙone yatsu. Ran da ta fara aiki, allurata ya jefa a yashi, ya wuce da rariyar ta kai, sai muka ji tsuwwa kamar ta ɗan tsako. Mutanen unguwa suka sa mata suna Kwarmato.

Da ya kai ta gona sai ta yi ta kuka ko'ina. Malam da ya yi su da hannunsa ya manta cewa gonar fadama rabin shekara gidan kifi ce. Ƙugiyoyin masunta ne fal a ƙasa. Ya haƙa rami ya fi arba'in, ya cika ƙwarya da ƙugiya mai tsatsa, masu wucewa suna tambayarsa nawa tarwaɗa. Na ji kunya, na kuma gaya masa. Bai ji ba. Ya binne fartanya a tsakar gida, ya binne ƙugiya, ya yi ta saurare har kunnensa ya rarrabe: ƙugiya tsuwwa take ta wuce, babban ƙarfe kuwa gurnani yake mai tsawo.

Shekarar fari ce, ƙasa ta tsattsage. Wata hantsi na kai masa fura na tarar ya bar iyakar Umara ya dawo cikin gonarmu, yana tsaye cak. Ban taɓa ganinsa tsaye haka ba. Ya miƙo mini abin sauraron da ya haɗa wa na'urar, na ji gurnanin da kaina. Ya haƙa kamu biyu, sai ga ruɓaɓɓiyar saiwar goruba, ga galma kwance a ƙarƙashi. Ya taka daga nan zuwa inda muke cewa iyaka. Taki bakwai cif.

Na duba gabas na duba yamma. Ba kowa sai balbelu.

"Malam, mayar da ƙasa ka rufe. Wa ya gani? 'Ya'ya shida gare mu, ga fari."

Ya dube ni, gumi na zuba a gemunsa.

"Yagana, da a gonar Umara ta yi kuka, ai da yanzu na tara gari. Je ki kira mini Umara."

Na tafi ina kuka, kukan haushi ba na tausayi ba. Umara ya zo ya leƙa ramin, sannan ya tsuguna ya shafa galmar ya yi wa iyayensu addu'a. Suka yi musafaha. Yankin ya koma hannunsa, kuma bai taɓa dawowa ba. Wannan shekara mun ci tafasa da rama fiye da yadda nake son tunawa.

Malam bai zauna ba bayan haka. Ya nemo wa mata 'yan kunne a bakin rijiya, ya nemo wa wani maƙeri uwar maƙerarsa da ruwa ya binne, daga baya ya koma gyaran injin ban ruwa. Da ya rasu, Umara ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Rariyar tana nan a ɗakina da wayarta. Jikoki in sun tambaya nakan ba su labarin duka, har wurin da na duba gabas da yamma. Nan ne nakan sunkuyar da kai, domin shi bai duba ba.