Yarinyar da Ke Zuwa ta Bakwai

Tun daga aji biyu har aji shida ni ce nake zuwa ta ɗaya a makarantarmu ta firamare da ke Kusfa, cikin birnin Zariya, kuma ban taɓa barin kowa ya manta ba. Ranar ba da sakamako doguwar hanya nake bi zuwa gida, kati a hannu, don masu ɗinkin hula da ke zaune a ƙofar zaure su tambaye ni. In ba su tambaya ba, sai in tsaya gyaran takalmi har sai sun tambaya.

Wadda muke zama benci ɗaya da ita 'yar maƙwabtanmu ce, katanga ce kawai ta raba mu. Marainiya ce, tana hannun kakarta ta wajen uba, wadda duk unguwa ke kira Iya. Siririya ce, ba ruwanta da surutu, kuma ban taɓa ganin mai cinye kilina, robar nan ta goge fensir, kamarta ba. Ita kullum ta bakwai take zuwa. Ba ta shida ba, ba ta takwas ba. Har tsokanarta muke yi, mu ce gadon wurin ta ci. Ni kuwa, don tsabar kirki, nakan bar gefen takardata a buɗe lokacin jarrabawa ko za ta ɗan leƙa. Ba ta taɓa leƙawa ba, na ɗauka kunya ce.

A zamanin nan, in yaro ya cika ƙwaƙwalwa, ɗayan biyu ake yi masa: ko a tsallake da shi aji, ko a miƙa masa tsumagiya a ce shi ne monita. Wan babana sau biyu aka tsallake da shi, ya je ya zauna cikin waɗanda suka fara gemu, suka mayar da shi ɗan aike. Sai wajen ƙarshen shekarun tamanin muka fara ji a rediyo cewa gwamnati za ta tattaro yara masu baiwa daga ko'ina a ƙasar, ta haɗa su a makarantar kwana guda, da malamansu na musamman. Dattawa suka yi ta jinjina kai, suna cewa baiwa ai ta Allah ce, da wane mudu za a auna ta? Ana cikin haka takarda ta iso daga ofishin ilimi, da fom ɗaya tak: makarantarmu ta zaɓi ɗalibi guda ya je ya zauna jarrabawar tantancewa. Hedimasta ko shawara bai yi ba ya ce ni ce. Kafin la'asar babana ya fara karɓar barka a masallaci.

Malamar ajinmu Kirista ce daga Wusasa, dattijuwa mai tabarau, kullum a kan ƙaramin babur take zuwa. Tana da wata ɗabi'a: ba ta zubar da tsofaffin takardun jarrabawa, sai ta ɗaure su da igiya ta jibge a kabad. Ranar wata Alhamis da aka tashi, ta ce in tsaya. Ta baza takardun lissafin abokiyar zamana na zango uku a kan tebur.

"Ke da kika iya," in ji ta, "duba ki gaya mini waɗanda ta faɗi."

Na duba ina hura hanci. Tambayoyin ƙarshe, masu wuyar nan da ni kaina nake tsallakewa, duk ta ci su. Waɗanda ta faɗi kuwa ɗan aji biyu ma ba zai faɗi ba. Takwas sau uku, ta rubuta ashirin da ɗaya. Malama ta ɗaga takardar ta saitin taga. Ƙarƙashin ashirin da ɗayan, ga sawun ashirin da huɗu nan da aka goge. Ta ɗaga ta biyu, ta ɗaga ta uku, duk haka. Sai ta tattara takardunta ta ɗaure.

A lungun gidanmu na tare yarinyar, raina a ɓace, na ce ta gaya mini wasan da take yi da mutane.

"Iya ce ta ce kada in wuce ta bakwai," ta ce, idonta a ƙasa. "Ta ce kuma ƙasa da haka abin kunya ne a gidan malamai."

"To yaya kike yi ki faɗa daidai kullum?"

Sai ta fara lissafo mu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai faɗin sunayen kajin gidansu. Ni ina mantawa da ragowa a rabawa. Mai bi mini yana gaggawa, ba ya juya takarda ya ga baya. Wance ba ta jituwa da tambaya mai dogon zance. Tana ganin tambayoyi take sanin abin da kowannenmu zai samu, mu shida na gaba da wanda ke biye, sai ta zubar da daidai abin da zai ajiye ta a tsakani.

"Wani lokaci da wuya," ta ce. "Zangon da ƙyanda ta shigo aji kowa ya yi ƙasa, sai da na goge tara."

Ni ina gumi a kan jarrabawa ɗaya, ashe kusa da gwiwar hannuna wata tana yin takwas a lokaci guda, ta gama, ta zauna tana gogewa. Na dube ta da tsohon hijabinta da ƙurar alli a hannu, na ji wani irin tsoro mai haɗe da girmamawa, irin wanda ban taɓa ji game da ɗan'adam ba. Fushin ma na neme shi na rasa.

Ranar Asabar da hantsi Malama ta jingine babur a bakin lungu ta ce in raka ta gidan su yarinyar. Muka tarar da Iya a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka sake gaisawa, sannan Malama ta faɗi abin da ya kawo ta: ta gano yarinyar da gangan take faɗuwa, kuma ita take so ta je jarrabawar.

Iya ba ta musa ba. Ta ce ɗanta, uban yarinyar, yana shekara goma ya haddace Alƙur'ani. Aka riƙa yawo da shi zaure-zaure yana karatu, malamai na ja masa baƙi yana ƙarasawa. "Kowa sai kai, kai, wannan yaro! Ba mai cewa tubarkalla. Ya girma ana nuna shi da yatsa. Wannan tana wata biyar ya kwanta da ciwon kai, kwana uku aka kai shi. Baki ne ya ci mini shi, Malama. Da na ga tana shekara huɗu tana karanta allon manya a juye, na ce wannan kam ba za a gan ta ba."

Na zaci Malama za ta kawo zancen asibiti da sanƙarau. Ba ta yi ba. Ta ɗebi gyaɗa ta taya ta ɓara.

"Iya, ban zo musu da ke ba, kin fi ni sanin abin da kika rasa. Amma a nan ita kaɗai ce, dole wata rana ido ya same ta. Ga shi ni ma da tabarau na gano ta. Can kuwa duk irinta aka tara, aji guda, ɗaki guda. Wa zai tsaya kallonta? In ɓoye ta kike so, ba ki da maɓoya kamar can."

Iya ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ɗago ta dube ni.

"Takardar ai na ji ta 'yar maƙwabcina ce. Ba zan ƙwace abin ɗiyar mutane in ba tawa ba."

"Iya, ni ba na so," na ce.

Ƙarya nake yi, ina so kamar in mutu. Kuma kada a ɗauka kirki ne. Na dai san in na je, zan zauna a kujerar da ba tawa ba, kuma ni na sani, ita ma ta sani. Da na gaya wa babana, ya shafa gemu, sannan ya sa hula ya tafi gidan hedimasta da kansa, ya ce a ba ta fom ɗin. Yadda ya ƙare da masu barka a masallaci, bai taɓa faɗa mini ba.

Ranar jarrabawa Malama ta zo da sassafe za ta kai ta a babur. Muna tsaye a ƙofar gida, ni da Iya. Yarinyar ta fito da fensir biyu da guntun kilinarta a hannu. Har ta ɗaga ƙafa za ta hau, sai ta dawo ta durƙusa gaban kakarta, ta yi tambaya a hankali, da gaske take:

"Iya, ta nawa zan zo?"

Iya ta dube ta. Ta miƙa hannu ta buɗe tafin jikarta, ta ɗauke kilinar, ta ƙulle ta a bakin zanenta.

"Abin da kika fara rubutawa," ta ce, "ki bar shi."

Bayan wata biyu sunanta ya fito. Iya ba ta yi guɗa ba, ba ta bar kowa ya yi ba, duk wanda ya shigo barka sai ta sa shi ya ce tubarkalla tun daga zaure. Ranar da aka tafi da ita na shiga gidan da rana. Iya na zaune ita kaɗai a kan tabarma, tana murza ƙullin nan na bakin zanenta.